Bugu Biyar a Sakan Ɗaya

Litinin, 2 ga wata, 8:15 na safe

Na sayi wannan littafin ne don in riƙa zuba abin da ba zai shiga littafin aiki na tashar awonmu ba, tunda littafin tasha ba ya ɗaukar tsaki.

Wasiƙa ta iso daga cibiyar binciken ƙetare da muke aiki da ita. Shekara biyu ke nan muna aika musu awon maganaɗisun ƙasa, mu da wasu tashoshi biyu. Abin da suke nema shi ne ɓoyayyen abin nan da masana suka ce shi ya fi komai yawa a sararin samaniya, amma har yau ba wanda ya taɓa sa shi a ido. Wasu na zaton ba shi da nauyin kirki ko kaɗan. In haka ne, zai riƙa kaɗa maganaɗisun duniya a hankali da bugu iri ɗaya, a ko'ina, dare da rana. Wannan bugun muke kasa kunne mu ji. Shekara biyu ba mu ji komai ba, kuma ni hankalina kwance yake da hakan.

To yanzu kwamfutarsu ta haɗa awon wata biyar ta tsinto wani tsini a zanen awon namu, bugu kusan biyar a kowane sakan. Tasha ta biyu ambaliya ta tsayar da ita, ta ukun kuwa kusa da layin dogo take, hayaniya ta rufe mata komai. Saura mu kaɗai. Sun ba mu zuwa Juma'a 20 ga wata mu faɗi daga ina tsinin ya fito, in ba haka ba su cire mu daga aikin. Wai ba za su ɗora lissafi a kan tashar da ba ta san abin da ke motsi a tsakar gidanta ba. Cikin ladabi suka faɗa, kuma ladabin ne ya fi ƙona mini rai.

Litinin, 2:00 na rana

Abokin aikina mai lissafi, wanda a nan zan riƙa kira Zumuɗi, har ya buga zanen ya manna a bango, ya zagaye tsinin da jan biro.

"Dokta, kin san abin da wannan ke nufi kuwa?"

"Na sani. Wani ya kunna wani abu."

"Ko kuma..."

"Malam, babu wani ko kuma."

Ya tambaye ni ko 'yan jarida sun fi son a tsaya kusa da na'ura ko a zauna a ofis. Allah ya ba ni haƙuri.

Kawu ma ya zo ya duba. Ƙanen mahaifiyata ne, a hannunsa na tashi, kuma shekararsa talatin da huɗu a tashar nan. Shi ke yin awon hannu sau biyu a mako da na'urar tagulla mai madubin hange, awon da ake daidaita sauran na'urori da shi. Ya wuce shekarun ritaya tuni, duk shekara ake sabunta masa takarda saboda ba a samu mai hannu irin nasa ba. Shi ya kafa dokar akushi: a bakin shingen da ya kewaye ɗakin awo akwai akushi, duk mai shiga sai ya zube makulli, waya, agogo, duk wani abu na ƙarfe. Ya taɓa sa wani Darakta ya kwance bel ya shiga riƙe da wando. Ni kuma ina 'yar shekara tara ya mayar da ni gida saboda fil ɗin ɗankwali.

Ya daɗe tsaye gaban zanen, hannunsa na dama a aljihu. Sannan ya fita.

Talata, 3 ga wata, 11:30 na safe

Na kashe firji, na kashe fanka, na kashe injin buga takardu, na kunna su ɗaya bayan ɗaya. Ba tsini ko an kunna ko an kashe. Madarar Zumuɗi ta lalace a firji, yana ta ƙorafi. Ya ji da ita.

Laraba, 4 ga wata, 1:10 na rana

Mai gyaran wuta ya zo, ya sha shayi kofi biyu, ya ce wutarmu ba ta da laifi, ya tafi da sukudirebata.

Alhamis, 5 ga wata, 12:45 na rana

Ranar awon hannu. Aikin da Kawu ke gamawa a minti arba'in yau ya ci awa ɗaya da rabi. Ya ce in zo in rubuta masa lambobi shi yana karantowa, wai biron ba ya yi. Na gwada biron, yana yi.

Da na buɗe littafin tasha na juya baya, sai na ga rubutunsa ya ƙanƙance. Mutumin da yake cika layi da baƙi biyar, yanzu sai na kawo littafin kusa da hancina kafin in karanta. Tsimin takarda ne. Dama can shi mai tsimi ne.

Kawu lafiyarsa ƙalau.

Juma'a, 6 ga wata, 3:20 na yamma

Abin da ya kamata in yi tun ranar Litinin sai yau na yi, saboda ni ma wani lokacin kaina ba ya ja. Na rarraba awon wata biyar ɗin awa-awa. Tsinin ba ya fitowa sai daga huɗu zuwa shida na yamma, Litinin zuwa Juma'a. Shi ya sa ban taɓa ganinsa ba: huɗu na bugawa nake tafiya ɗauko 'yata daga makaranta, Zumuɗi kuma ya riga ni. Kawu ke rufe tasha.

Na nuna wa Zumuɗi. Sai ya ce ai juyawar duniya na iya sa ƙarfin abin ya riƙa hawa da sauka a cikin yini.

Na ce, "Malam, duniya ba ta daina juyawa ran Asabar. Wane irin ɓoyayyen abu ne wannan mai zuwa hutun ƙarshen mako?"

Ya ce na cika gaggawar yanke hukunci. Ni! Shi ke ce mini haka!

Lahadi, 8 ga wata, 5:00 na yamma

Na kai 'yata gidan Kawu. Inna, matarsa, ta ja ni madafa ta hau ni da faɗa.

"Ke yanzu dan Allah wane irin aiki kike ɗora wa kawunki? Mutum ba ya shigowa gida sai rana ta kusa faɗuwa. Abinci ma ya daina ci cikin mutane, sai ya ɗauka ya shige ɗaki ya turo ƙofa."

Na ce ni ban ɗora masa komai ba. Ta ce to waye? Daga nan ta koma kan kwaɗon ɗakin ajiya, babban nan mai nauyi da ake kulle ƙofar da shi, wai wata biyar ke nan ya ɓace, ta zargi kowa a gidan har da mai kawo ruwa. Rabin awa ina jin tarihin kwaɗo.

Kawu ya fito, ya kira ni Uwata kamar yadda yake yi a gida, tunda sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Na miƙa masa shayi, ya karɓa da hagu. Shi da ya taɓa buge mini hannu a kan karɓar abu da hagu. 'Yata ta ce Kaka ya riƙe mata littafi za ta nuna masa zane, dole ya fito da ɗaya hannun.

Shayin ya zube, tabarma ta jiƙe, Inna ta goge, aka ci gaba da hira. Shi ke nan abin da ya faru.

Litinin, 9 ga wata, 10:40 na safe

Darakta ya zo da kansa. Zumuɗi, da ya ga 'yan jarida sun kuɓuce masa, sai ya koma ɗan sanda. Ya ce ya gano ɓarawon: injin ban ruwan Mai-lambu, mutumin da ke noman kayan miya a bayan shingenmu. Filin na ma'aikata ne, aro aka ba shi shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Kuma da yamma yake ban ruwa.

Darakta ya ce, "Ai magana ta ƙare. A rubuta masa takarda ya tashi ƙarshen wata, a gaya wa mutanen ƙetare mun gano mun gyara."

Injin nan gudunsa ya ninka biyar a sakan sau da yawa. Kuma mutumin har Asabar da Lahadi ban ruwa yake yi, da kunnena nake jin ƙarar in na biyo ta hanyar. Duk na san wannan. Abin da ya fito daga bakina kawai shi ne, "Ranka ya daɗe, a bari in ƙara dubawa." Ya ce in duba, amma takarda za ta tafi.

Kafin ya fita ya ajiye mini fom ɗin sabunta aikin Kawu. Akwai wani gurbi a ƙasa, inda shugabar tasha za ta sa hannu cewa ma'aikaci yana da lafiyar yin aikinsa. Shekara shida ina sa hannu a wurin ko karantawa ba na yi. Na tura shi cikin durowa.

Talata, 10 ga wata, 9:30 na safe

A cikin wata biyar ɗin akwai mako guda cur da tsinin bai fito ba ko sau ɗaya. Na ɗauko littafin zuwa aiki in ga me ya faru a makon. Makon da Kawu ya yi tafiya ta'aziyyar amininsa ne.

Na rufe littafin. Mutane da yawa suna tafiya ta'aziyya.

Laraba, 11 ga wata, 6:20 na yamma

Na roƙi maƙwabciyata ta ɗauko mini yarinya. Huɗu na yi na yi sallama kamar kullum, na ja mota na ajiye a bakin titi, na dawo da ƙafa ta ƙofar baya. Mace da digiri uku tana saɗaɗawa cikin ofishinta, abin kunya.

Na kunna kwamfuta na zauna inda nake hango shinge ta taga. Kawu ya zo bakin shingen, ya cire agogo, ya cire makullai, ya cire tabarau, ya jera su a akushi yadda yake yi shekara talatin da huɗu. Ya shiga. Bai nufi ɗakin awo ba. Ya zauna a dakalin siminti da ke ƙarƙashin bishiya, taku biyu daga inda aka binne naɗin wayar da ke sauraren bugun. Nan ne wurin da ba wanda ke da ikon zuwa ya same shi, shi ya kafa dokar.

4:12 ya zauna. 4:12 tsinin ya miƙe a kan allo.

5:50 ya tashi. 5:50 tsinin ya kwanta.

Ban ga komai ba. Daga tagar nan ba a ganin komai, nisa ya yi yawa, ga gilashin ba a goge shi ba tun bara. Gobe sai na yi wa mai shara magana.

Alhamis, 12 ga wata, 7:05 na safe

Na yi wa 'yata tsawa a kan cokali har ta yi kuka. Cokali fa.

Juma'a, 13 ga wata, 11:00 na safe

Mai-lambu ya zo da takardar a hannu, da kwandon tumatir a ɗaya hannun. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ƙi shigowa saboda laka a ƙafarsa.

"Dokta, an karanta mini wannan, amma ban gane ba. Wai injina ne ke hana ku jin taurari?"

"Ba taurari ba ne, Malam. Wani abu ne daban."

"To ko ma mene ne, Allah ya ba ku haƙuri, wallahi ban sani ba. Na dasa albasa sati biyu ke nan, in na tashi yanzu ta tafi. In dai injin ne, daga gobe na kashe shi. Da bokiti zan riƙa yi, ni da uwar gida."

Lambun ya kai girman filin ƙwallo. Da bokiti! Da ya zage ni da na ji sauƙi. Na ce ya tafi da tumatirinsa, ya ce ai ba a mayar da kyauta. Ga kwandon nan a gefen teburina yana kallona.

Asabar, 14 ga wata, 4:00 na yamma

Na rubuta rahoto kala uku.

Na farko ya ce injin ban ruwa ne. Tasha ta tsira, Kawu ya tsira, albasa ta mutu.

Na biyu ya ce ba mu gano ba. Za su cire mu, kuma sauran abin da ya rage wa tashar nan bayan wannan aikin bai taka kara ya karya ba.

Na ukun layi ɗaya na rubuta na tsaya.

Ni dai ilimin maganaɗisu na karanta. Ba wanda ya ce mini akwai wannan a ciki.

Litinin, 16 ga wata, 6:30 na yamma

Injin Mai-lambu a kashe yake tun Asabar, da idona na gan su shi da matarsa suna jigilar bokiti. Tsinin kuwa ya fito yau kamar kullum. Zumuɗi ya ƙi tafiya gida don ya gani, yanzu ga shi ya farfaɗo, har ya sake zagaye zanen da jan biro.

Na jira ya tafi, na tare Kawu a bakin akushi yana ɗaura agogo.

"Kawu, me ya sa kake zama a dakalin can kullum?"

"An hana ne?"

"Ba a hana ba. Amma kusa da wayar yake."

"Ni na haƙa ramin wayar nan, Dokta. Ni na binne ta."

A tasha ba ya ce mini Dokta sai in akwai baƙi. Na ce ya bari in ga abin da ke aljihunsa. Ya dube ni kallon da bai yi mini ba tun ina yarinya. Ya ce shekara talatin da huɗu ba wanda ya taɓa caje shi a ƙofar nan. Ni ma sai raina ya ɓaci, na faɗi wata magana a kan mutumin da ke jigilar bokiti saboda wani ya ƙi buɗe baki.

Ba zan rubuta sauran ba. Na yi nadama, kuma har yanzu haushinsa nake ji, duka biyun.

Talata, 17 ga wata, 6:05 na yamma

Kawu bai zo ba. Tsinin bai zo ba.

Laraba, 18 ga wata, 2:30 na rana

Ya zo yau, gaisuwa kawai ta haɗa mu. Takardar da na rarraba awon awa-awa, da kwanakin makon ta'aziyya, da lokutan ranar Laraba, 4:12 da 5:50, duk suna cikin littafin tasha a shafin yau. Ban ce da gangan na bar su ba. Na hango shi zaune da littafin a buɗe tun sha biyu, bai ko fita cin abinci ba.

Saura kwana biyu. Darakta ya kira sau uku. Kawu lafiyarsa...

Alhamis, 19 ga wata, 6:40 na yamma

Uku da rabi Kawu ya shigo ofis ya tsaya gaban teburina.

"Dokta, wannan lissafin naki bai cika ba. Kin nuna lokaci ya zo ɗaya, ba ki nuna dalili ba. Haka na koya miki?"

Ya ce a yi gwaji yadda ake yi, kuma in kira Zumuɗi ya zama shaida. Na ce ba sai da shi ba. Ya ce in kira shi.

A gabanmu ya fito da hannun daga aljihu ya ɗora abin a kan tebur. Kwaɗon Inna ne, babban nan, duk ya yi sulɓi saboda riƙo. Hannun kuma da ya rabu da kwaɗon sai ya kama rawa a fili, babban yatsa yana gogar ɗan'uwansa ba tsayawa. Bai ɓoye ba. Zumuɗi ya buɗe baki ya mayar ya rufe, karo na farko tun da na san shi.

Kawu da kansa ya tsara matakan, ni na rubuta. Tunda ba a shiga da agogo, duk minti biyar zan kaɗa masa farin hankici ta taga ya koma mataki na gaba.

Minti biyar na farko ba kowa a cikin shinge. Layi a miƙe.

Na biyu, Kawu a dakali, kwaɗo a hannu cikin aljihu. Tsinin ya tashi, bugu 4.8 a sakan, daidai inda mutanen ƙetare suka gan shi.

Na uku, ya ja da baya taku goma. Tsinin ya kusa ɓacewa.

Na huɗu, ya ajiye kwaɗon shi kaɗai a kan dakali ya matsa. Ba komai.

Na biyar, ya miƙa wa Zumuɗi kwaɗon ta kan shinge, ya koma ya zauna da hannunsa a kan gwiwa, yana rawa a sarari. Ba komai a allo. Na manta in kaɗa hankicin. Ya fi minti goma yana zaune yana jira, shi kuma ba zai tashi ba sai an ba shi alama.

Da ya dawo ya sa na nuna masa zanen mataki-mataki, yana gyaɗa kai kamar awon wani ne yake dubawa. Zumuɗi ya ɓalle takardarsa daga bango ya ninke, ya ce zai je ya dafa shayi, ya fita ya bar mu.

Na ce, "Kawu, kai da ka fi kowa sanin dokar nan?"

Ya ce, "Saboda na sani ɗin ne. Naɗin wayar nan ba ruwansa da ƙarfen da ke zaune wuri ɗaya, sai mai motsi. Ranar awon hannu a ofis nake barin kwaɗon, ban taɓa shiga ɗakin awo da shi ba. A dakali kawai. In na damƙe shi sosai, nauyin yana danne hannun. A aljihu ji nake ya tsaya cak. Wallahi, Uwata, na ɗauka na tsayar da shi."

Na ce to me ya hana shi gaya mini tun wata biyar. Ya ce da yamma ne abin ya fi tashi, ba ya son Inna ta gani, shi ya sa yake zama nan sai ya lafa. Ni kuma, in na sani, dole in ƙi sa hannu a fom, ko in sa hannu a kan ƙarya, kuma bai ga wanda zai zaɓa mini ba a ciki.

Na yi kuka, kuma na yi masa faɗa ina kukan. Na ce taurin kansa ya kusa rufe tasha, ya kusa kashe wa bawan Allah albasa, ya sa Inna ta zargi mai kawo ruwa. Ya ce duk ya ji. Sai ya tambaya ko 4.8 ɗin daidai yake ko na ƙiyasta ne. Na ce daidai yake. Ya ce, "To ai ba laifi. Aƙalla ba ya sauri ba ya jinkiri."

Juma'a, 20 ga wata, 10:15 na safe

Na so in rubuta "wani abin ƙarfe mai motsi kusa da na'ura" in tsaya nan. Kawu ya ƙi. Ya ce sauran tashoshi ma suna da tsofaffi, a rubuta yadda za su gane. Haka rahoton ya tafi: kwaɗon ƙarfe a hannun mai awon tasha, wanda hannunsa ke rawa, taku biyu daga na'ura, da matakan gwaji biyar da zanensu. Ya sa hannu a ƙasa tare da ni. Sa hannun ya ɗauke shi lokaci, ban taimaka masa ba, ban kuma kau da kai ba.

Fom ɗin sabunta aikinsa kuwa, Kawu ya ce in ba shi. Ya mayar wa Darakta da kansa, gurbin nan babu komai a ciki, wato ya ajiye aiki ke nan.

Na je lambu na karɓo takardar tashin na yaga a gaban mutumin. Ya yi ta godiya har na ce masa dan Allah ya isa, ya je ya tayar da injinsa.

Litinin, 23 ga wata, 4:30 na yamma

Amsa ta zo. Sun gode, sun ce gwajin ya yi kyau ƙwarai, za su yanke waɗancan awannin su riƙe sauran. Muna nan cikin aikin. Ɓoyayyen abu kuwa ba a same shi ba, an dai ƙara rage wuraren da zai iya ɓuya. Darakta ya taya ni murna. Zumuɗi ya roƙi a koya masa awon hannu, kuma Kawu ya ce zai riƙa zuwa ran Alhamis ya tsaya a kansa, da baki kawai. Na tausaya wa Zumuɗi.

Yau ni ke rufe tasha. Layin allo a miƙe yake tun huɗu, tsaf, irin wanda nake roƙon Allah ya ba ni mako uku. Na kasa kallonsa, na juya allon ya fuskanci bango.

Kwaɗon yana cikin akushi. Inna ta aiko a kai mata kayanta, na ce gobe.

Talata, 24 ga wata, 1:20 na rana

Na kai Kawu asibiti. Tun daga gida yake mita: tuƙina, hanyar da na bi, inda na ajiye mota. Muka zauna a benci muna jiran likita, mutane cike. Ya fara lalubar aljihu, babu komai a ciki. Na ga yana neman inda zai kai hannun, sai na miƙa masa nawa.

Ya damƙe da ƙarfi, yadda yake damƙe kwaɗon. Can ya sunkuyo ya ce, "Ya tsaya, ko?"

Na riga na ƙirga ba tare da na yi niyya ba. Biyar a sakan, ba ya sauri ba ya jinkiri.

Na ce, "Bai tsaya ba, Kawu. Riƙe dai."